Numfashin Ladan a Bakin Ƙanƙara

Kafin in bar Katsina ƙanƙara iri biyu na sani a duniya: wadda ake sayowa a leda da azumi, da wadda sama ke jefowa da damina ta hana kaji sakat. Sai da korona ta kulle mu a Doha na san akwai ta uku. Lokacin ina aikin gadi a wani dogon bene a unguwar Dafna. Ma'aikatan ofisoshin duk sun kwashi kwamfutocinsu sun koma gida, aka bar ni da ƙofar gilashi da na'urar gwada zafin goshi, ba kuma goshin da zan gwada. Wuni guda ba abokin hira sai waya. A nan na ci karo da bidiyon wani kogi da ya daskare tsakanin duwatsu tun kafin kakannin kakanninmu, wai kuma mutane na takawa da ƙafa har bakinsa, su taɓa, su dawo masauki a wuni ɗaya. Na kalli bidiyon nan ya fi a ƙirga. Na ce in Allah Ya bar ni da rai sai na dafa abin nan da hannuna.

Wanda ya fi shan wahalar wannan buri nawa shi ne abokin ɗakina. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ma gadi yake yi. Gadonsa na ƙasa, nawa na sama, kullum sai na zuro masa wayar in ce ya duba.

"Massa, kai dai ba ka da aikin yi," haka yake cewa, massa wato maigida a bakinsu na can. "Ƙanƙara kake so? Ga firji can, buɗe ka sa kai."

Ladan muke ce masa, ba don sunansa ke nan ba. A masaukinmu na unguwar Old Airport akwai wani ɗan ɗakin salla a tsakar gida, ba shi da lasifika, ba ya ma buƙatarta, don in mutumin nan ya toshe kunnuwa ya ɗaga murya, har mai gasa burodi a bayan layi sai ya ji. Yana da wani ja da yake yi a numfashi ɗaya, ka yi zaton zai tsaya nan, ya wuce, ka ce to yanzu kam, ya ƙara wucewa. 'Yan Sudan da 'yan Bangaladash da ke gidan duk sun bar masa. Ba albashi a ciki, ba komai, amma na tabbata da a ce za a ba shi zaɓi tsakanin aikin gadin da kiran sallar nan, ba zai yi dogon tunani ba.

Sai cutar ta kama shi. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, mu kuma aka killace mu. Ya daɗe a can da robar iska a hanci, har muka fara magana ƙasa-ƙasa in an zo kansa. Allah Ya tashi kafaɗunsa ya dawo, a rame, amma da ƙafarsa. Da aka buɗe ɗakin salla, ana sahu da tazara kowa da dardumarsa, ranar farko ya fita kiran magariba. Muna ta murna. Ya yi kabbara lafiya, ya yi shahada da ƙyar, yana kaiwa tsakiya numfashi ya yanke. Tari ya sarƙe shi har ya dafa bango. Wani direba ɗan Sudan ne ya matso ya ƙarasa.

Daga ranar bai sake ba. Ko hira yake yi, a hankali yake yi kamar mai tsoron kada wani abu ya zube. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya ce huhu ya warke, ya riƙa tafiya da hawan matakala, sauran tsoro ne kawai. Shi kuwa ya ce likita ba a cikin ƙirjinsa yake kwana ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ya ce mu daina ce masa Ladan. Na ce ni kam ban san wani suna ba, in ya ga dama ya kai ni ƙara wurin kafil, ubangidan da ya ɗauke mu aiki.

Lokacin gasar cin kofin duniya an tura mu biyun filin ƙwallo na Thumama, wanda aka gina kamar farar hula. Ban taɓa ganin mutane irin na kwanakin nan ba: masu ganga, masu fenti a fuska, tsofaffi da jikoki, kowa na waƙa da yarensa. Shugaban aikinmu yana neman mai murya da zai tsaya yana nuna wa jama'a ƙofofi. Na nuna masa Ladan da baki. Ladan ya harare ni, ya roƙa a sa shi wurin duba tikiti, inda ba ka cewa komai sai nuni da hannu. Wata guda duniya na ihu, mutumin da ya fi kowa murya a wurin yana tsaye shiru da 'yar na'ura a hannu.

Da aka watse, hutunmu ya faɗo tare a bazarar da ta biyo baya. Wani ma'aikaci a benen da nake gadi ya gaya mini cewa masu katin zama a nan suna zuwa ƙasar Jojiya ba tare da wata doguwar wahala ba, jirgi awa kaɗan ne, kuma irin ƙanƙarar da nake nema tana can jibge. Ranar ban san yadda na ƙarasa aiki ba. Na dawo na tasa Ladan a gaba. Na ce likita ya ce tafiya, ga tafiya. Na ce ba zan je ƙasar da ban san kowa ba ni kaɗai, in na ɓata alhakina na wuyansa. Sati biyu ina yi masa naci kafin ya ce, "Halas, shi ke nan, Bakatsine, ka ishe ni. Mu je in ga abin da ke hana ni barci." A raina kuwa ba ƙanƙarar kaɗai nake so ya gani ba. So nake ƙafarsa ta kai shi inda zai yarda cewa ƙirjinsa ya dawo.

Shirin da muka yi abin dariya ne. Na sayi wata ƙatuwar rigar sanyi a wani shago kusa da mu, na gwada ta a ɗaki ga esi a kunne, ina zufa ina kallon madubi. Takalman aikinmu muka goge suka yi ƙyalli. Muka ɗauki dabino, da fulas na shayi, da ɗan abin shaƙar maganin numfashi da Ladan ba ya rabuwa da shi ko banɗaki zai shiga.

Daga babban birninsu mota ta yi wuni tana hawa da mu. Ni ina manne da taga, bakina ya ƙi rufuwa. Kore ko'ina! Ruwa na zubowa daga kan duwatsu ba mai tarewa, ba mai ko kallonsa. Shanu kwance a tsakiyar titi, direba na kauce musu kamar su ne masu hanyar. Can da yamma muka sha wata kwana sai ga fararen kawunan duwatsu sun tokare sama. Na daki cinyar Ladan na ce, "Malam, ga ta can!" Ya ce ya gani, ba sai na karya shi ba. Amma na lura shi ma bai ƙara ɗauke ido ba.

Mun sauka a gidan wata tsohuwa a wani ƙauye mai gidajen dutse. Ba ta jin Turanci, mu ba mu jin nata, sai hannu da murmushi. Muka sa mata Iya. Ta cika mu da burodi mai zafi da cuku a ciki, da zuma, da madara, in ka ce ka ƙoshi ta ƙara maka.

Washegari da sassafe ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta nuna dutse, ta nuna agogo, ta yi alamar mu tashi mu tafi. Muka leƙa waje: rana ta fito tas, ba ko gajimare. Muka dubi juna muka yi dariya. Wa zai fita tafiyar ƙafa rana na hawa? Mu da muka yi shekara da shekaru a Doha, inda da bazara ko kyanwa ba ta tsallaka titi kafin la'asar, inda doka ma ta hana aikin waje da tsakar rana? Mai hankali jira yake rana ta karya. Na nuna mata ƙarfe biyu a agogo. Ta kama kai, ta nuna rafin da ke bayan gida, ta ɗaga hannu daga gwiwa zuwa ƙugu. Na ɗauka cewa take ruwan na da sanyi kada mu yi wanka. Na gyaɗa kai, na yi mata godiya, muka koma muka kwanta abinmu. Muna jin sauran baƙin gidan, Turawa da sandunansu, suna fita. Ladan ya ce, "Bar su. Ba su san rana ba, mu muka san shi."

Sai da muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, muka sha shayi, sannan muka ɗauki hanya. Iya ta bi mu har ƙofa tana faɗa da yarenta, ta cusa mana burodi a jaka.

Wayyo, tafiyar nan! Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin dajin, wani ƙamshi kamar na sabon katako da aka jiƙa. Muka tsallake wata gadar igiya da ke rawa, kogi na ruri a ƙarƙashi, ruwansa fari-fari kamar an dama koko. Hanyar ta shiga cikin dogayen itatuwa, saiwoyi a ko'ina, takalman gadi na zamewa. Ban yi nisa ba na tuɓe rigar sanyin nan na ɗaure a ƙugu, ita ce ta zame mini kaya a hanya. Muna hawa muna cin karo da masu saukowa. Duk wanda ya gan mu sai ya dubi agogonsa ya dube mu. Ni kuwa ina ta ɗaga musu hannu, ina tausayinsu sun sha rana.

Ladan na baya. Ba ya cewa ya gaji, ba zai taɓa cewa ba. In numfashi ya yi masa wuya sai ya tsaya ya buɗe ƙafa, ya mai da hannu baya, ya ɗaga haɓa yana duba daji, daidai yadda muke tsayuwa a bakin ƙofa in shugaban aiki zai wuce. Na san tsayuwar, ni ma da ita nake ɓoye gyangyaɗi. Sai in yi kamar igiyar takalmina ta kwance, in durƙusa in ɗaure har ya huta. Na ɗaure igiyar nan ya kai sau bakwai.

Da muka fito daga daji sai ga wani ɗan rafi ya gitta hanya, yana gangarowa daga gefen dutse. An jera duwatsu a ciki don takawa. Ruwan na lasar bayansu, har ya jiƙa mana takalma, amma muka tsallake ba wata wahala. Daga nan ba itace ko ɗaya, sai tarin duwatsu manya da ƙanana, wasu an shafa musu fenti don nuna hanya. Wata iska mai sanyi ta fara dukan fuskarmu, irin wadda ke fitowa in ka buɗe ƙofar babban kanti da rani, sai dai wannan ba mai kashe ta.

Muka hau wani tudu, sai ga ta.

Gaskiya da farko na ɗan ji haushi, don a bidiyo fara ce sol, wannan kuwa tsakuwa da ƙasa sun rufe bayanta, ta yi baƙi-baƙi. Amma da muka matsa na ga bakinta. Wani ƙaton bango ne ya fi benen masaukinmu tsawo, a tsage, cikin tsagar shuɗi ne irin wanda ban taɓa gani a tufa ko a fenti ba. A ƙarƙashinsa wani kogo, kogin nan gaba ɗaya daga ciki yake fitowa da gudu. Abin yana ƙara, yana ɗiga, jifa-jifa dutse ya gangaro daga sama ya faɗa ruwa. Na yi ihu, na yi tsalle, na yi salati, na rasa wanda zan fara kira a waya, ga shi ba sabis ko ɗigo.

Ba mu matsa ƙarƙashin bangon ba saboda duwatsun da ke faɗowa. A gefe muka sami wani guntu da ya ɓalle, girmansa ya kai buhun gero. Na dafa shi da hannu biyu har yatsuna suka mutu. Na fasa ɗan ƙarami na jefa a baki. Ladan ya iso a hankali, ya zauna a kan dutse, ya daɗe yana kallo yana tasbihi. Ya ciro abin shaƙarsa, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu bai shaƙa ba. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Muka zuba shayi, muka ci burodin Iya da dabino. Ba kowa a wurin sai mu biyu. Na ga dama ta samu, na ce, "Malam, ka ga inda ƙafarka ta kawo ka? Nan ba mai ji sai ni. Ka ɗan gwada mana, ko kabbara ɗaya."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ashe abin da ya sa ka jawo ni ke nan. Tafiya daban, kira daban. Kar ka ƙara yi mini maganar nan." Ya tashi ya kakkaɓe wando. Na ji kunya, na tattara kofuna muka juyo.

Da muka dawo bakin ɗan rafin nan, babu ɗan rafi. Duwatsun da muka taka sun nutse, ko alamarsu babu. Ruwa ne ja-ja ke tafe da ƙarfi, kana jin yana mirgina duwatsu a ƙasa. Nan take hannun Iya ya faɗo mini a rai, daga gwiwa zuwa ƙugu. Ashe ranar da muka zauna muna jira ta karya, wuni ta yi tana narkar da ƙanƙarar sama, duk ruwan kuma da yamma yake isowa. Abin da ke ceton mutum a Doha shi ne ya kama mu a nan. Na zura ƙafa ɗaya in gwada, ruwan ya fizge ta, sanyinsa ya harbe ni har ƙwaƙwalwa. Ladan ya damƙo rigata ya jawo ni baya.

Inuwar dutse ta riga ta rufe kwarin, sanyi ya fara shiga. Na kwance rigar nan daga ƙugu na ba Ladan. Muka bi gefen ruwan sama da ƙasa, ba wurin tsallakawa. Hankalina ya tashi ƙwarai, ba don kaina ba, don na san ƙirjin mutumin nan ba zai kwana a wannan sanyi ba, kuma ni na kawo shi.

Sai na hango wani mutum can ƙetare, nesa, a bakin daji, yana jan doki, ya ba mu baya yana shirin shigewa cikin itatuwa. Na daddage na yi ihu. Ruwa ya haɗiye muryata, ko ni ban ji kaina sosai ba. Na lalubi ƙirji inda usur ɗina ke rataye kullum, na tuna yana can Doha a jikin yunifom. Na cire hula ina kaɗawa, na sake ihu har maƙogwarona ya kama zafi. Mutumin bai waiwayo ba. Saura taku kaɗan ya ɓace.

Ban ga lokacin da Ladan ya hau kan wani dutse ba. Na dai juyo na ga ya gyara tsayuwa, yatsunsa sun tafi kunnuwansa da kansu, ya cika ƙirji.

"Jama'aaaa!"

Muryar ta fita ta hau kan rurin ruwan, ta tsallake, ta daki dutsen da ke can gefe ta dawo mana. Na yi zaton zai tsaya nan, ya wuce. Dokin ne ya fara ɗaga kai, sannan mai shi ya juyo.

Mutumin ya dawo yana girgiza kai, dattijo ne mai gashin baki. Ya nuna mana mu gangara ƙasa inda ruwan ya yi faɗi, ya shigo a kan dokinsa, ya ɗauke mu ɗaya bayan ɗaya. Ni na rungume bayansa na rufe ido ina karanta duk abin da na iya. Da muka sauka ya nuna rana, ya nuna agogo, ya ƙwanƙwasa kansa da yatsa. Wannan kam ba ya buƙatar tafinta. Muka ba shi sauran dabinon, ya karɓa yana dariya.

A hanyar daji ina gaba Ladan na baya, ni sai dariya nake ƙunshewa, farin ciki kamar in tashi sama. Na kasa haƙuri na ce, "Malam, ka ji kanka kuwa?"

Ya ce, "Yalla, yi tafiya. Ihu ne, kowa ya iya ihu."

Na ci gaba da tafiya. Amma har muka iso gida ban sake ɗaure igiyar takalmi ba. Iya na tsaye a ƙofa hannu a ƙugu, ta wanke mu tas da yarenta, sannan ta kawo miya mai zafi.

Muka koma Doha, zafi ya karɓe mu tun daga ƙofar jirgi. Sati ɗaya, sati biyu, ɗan Sudan ne ke kiran salla, Ladan bai ce komai ba, ni ma na kama bakina, don na koyi darasi. Na fara cewa a raina to shi ke nan, na dai dafa ƙanƙarata.

Wata ranar Alhamis motar kamfani ta sauke mu a bakin layi daf da magariba. Na tsaya sayen burodi wurin mai gasawa, ya miƙo mini ke nan sai muka ji kabbara daga tsakar gidanmu. Mai burodin ya tsaya da hannu a sama, ya dube ni. Na bar masa burodin na ruga. Na tarar da ɗan Sudan tsaye a gefe ya naɗe hannu yana murmushi, mutane na leƙowa daga tagogi. Da Ladan ya kai daidai inda ya yanke a wancan karon, zuciyata ta tsaya. Shi ma ya tsaya. Ya ja numfashi a fili, kowa na ji, abin da bai taɓa yi ba a da. Sannan ya ɗauka ya kai har ƙarshe.

Na zauna a bakin famfo da sunan alwala, ina ta watsa ruwa a fuska don kada a ga abin da idona ke yi. Ya zo wucewa ya tsaya a kaina.

"Bakatsine, alwala kake ko wanka? Tashi, za a ta da salla."

Na ce, "To, Ladan." Ya ji ni sarai, bai ce in daina ba.